Sayen motar lantarki kafin a ƙera ta: Abin da ke tsawaita jira da wanda ke ɗaukar asarar

A safiyar 31 ga Maris, 2016, jama'a sun yi dogayen layuka a ƙofar shagunan kamfanin Tesla a biranen Amurka da Turai da Ostareliya, wasunsu ma a nan suka kwana. Kowa ya zo da dala 1,000 domin a rubuta sunansa cikin masu jiran wata sabuwar mota mai aiki da lantarki da aka sa wa suna Model 3. A lokacin da suke miƙa kuɗin babu wanda ya ga motar, domin sai da dare shugaban kamfanin, Elon Musk, ya fito da ita bainar jama'a a jihar Kalifoniya. Ya ce farashinta zai fara daga dala 35,000, kuma za a soma miƙa ta ga masu ita a ƙarshen 2017. Cikin mako guda an samu rajista kimanin 325,000, alhali duk motocin da kamfanin ya sayar a shekarar 2015 ba su wuce 50,000 da 'yan kai ba.

Wanda ya tsaya a layin nan yana jiran ta dala 35,000, sai da ya yi kusan shekara uku kafin a buɗe cinikinta. Labarin ya cancanci a waiwaye shi, domin irin wannan ciniki, na biyan kafin alƙalami a kan motar da ba a ƙera ba, ya zama ruwan dare a kasuwar motocin lantarki. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, 'yan kasuwa da ma'aikata a Najeriya sun fara tambayar farashin waɗannan motoci da yadda ake odarsu, don haka yana da kyau a san yadda jiran yake kafin kuɗi ya bar aljihu.

Abin da kafin alƙalami ke saya

A mafi yawan irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuɗin farko gurbi ne kawai yake saya wa mutum a cikin layi. Takardar da ake sa wa hannu takan fayyace cewa ranar da aka ambata hasashe ce, kuma kamfani na iya sauya farashi da fasalin motar kafin a ƙulla ciniki na ƙarshe. Mai saye yana ji a ransa cewa ya mallaki mota, a takarda kuwa lambar jira ya mallaka.

Kamfanoni na son wannan tsari saboda dalilai biyu. Na farko, yawan rajista hujja ce da suke nuna wa masu zuba jari da bankuna cewa kayan na da kasuwa. Na biyu, kuɗin da aka tara bashi ne marar ruwa. Rajista 325,000 a kan dala 1,000 ta tashi dala miliyan 325, waɗanda suka zauna a hannun kamfani ba tare da ya biya ko kwabo a kansu ba. Dala dubun da aka karɓa a kan Model 3 ana mayar wa duk wanda ya fasa, amma kamar yadda za a gani nan gaba, wasu kamfanonin ba sa mayarwa.

Daga samfuri ɗaya zuwa dubu biyar a mako

Ƙera mota ɗaya mai kyau domin nunawa a dandali aiki ne da ƙwararru ƙalilan za su iya yi da hannu. Ƙera dubbai a kowane mako, duk iri ɗaya, kowace ta tsallake gwajin lafiya, wani aiki ne daban mai buƙatar dubban sassa daga ɗaruruwan masu kawo kaya su haɗu a kan lokaci. A nan ne Tesla ya yi tuntuɓe.

An miƙa motoci 30 na farko a ranar 28 ga Yuli, 2017, kuma ma'aikatan kamfanin ne suka karɓa. An tsara ƙera 1,500 a watanni uku na Yuli zuwa Satumba, sai aka ƙera 260 kacal. An ɗora burin kaiwa 5,000 a kowane mako kafin ƙarshen Disamba, amma har shekarar ta ƙare motocin da suka isa hannun masu saye ba su kai 2,000 ba. Babbar matsalar ta faru ne a masana'antar batir ta kamfanin da ke jihar Nebada, inda na'urorin da ke jera ƙwayoyin batir su haɗa su wuri guda suka kasa aiki yadda aka tsara, har sai da aka sake rubuta manhajarsu. A masana'antar haɗa motar da ke Fremont kuma, an cika wurin da na'urori masu sarrafa kansu fiye da kima, suna tsayawa suna tsayar da aikin gaba ɗaya. A watan Afrilun 2018 Musk ya amsa a fili cewa wannan kuskurensa ne, kuma ya raina amfanin hannun ɗan Adam.

Daga ƙarshe sai da aka kafa wani ƙaton tanti a harabar masana'antar, aka shimfiɗa sabon layin haɗa motoci a cikinsa, sannan aka kai 5,000 a mako a ƙarshen Yunin 2018, wata shida bayan wa'adin farko. Daga baya Musk ya bayyana cewa a wannan tsakanin kamfanin ya kusa durƙushewa. Ke nan masu jira sun kusa rasa motar da kuɗinsu duka, ba tare da yawancinsu sun sani ba.

Wa ake fara ba wa?

Ko bayan masana'anta ta daidaita, ba lallai ne a bi layi yadda aka yi rajista ba. Kamfanin da ke cikin matsin kuɗi yakan fara ƙera samfurin da ya fi kawo riba. Model 3 ta farko da aka sayar ita ce mai babban batir da kayan alatu, wadda ta fara daga dala 49,000. Wanda ya yi rajista daga baya amma ya yarda ya biya wannan farashi ya riga mutumin da ya kwana a layi yana jiran mai araha. Ta dala 35,000 ba a buɗe cinikinta ba sai ranar 28 ga Fabrairu, 2019. Masu jira a Turai sun fara karɓar tasu a wannan watan, na Birtaniya kuma, masu buƙatar sitiyari a dama, sai a watan Yuni.

Jinkirin ya ci wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗi ta wata hanyar. A lokacin gwamnatin Amurka na rage wa mai sayen motar lantarki haraji har dala 7,500, amma dokar ta ce rangwamen zai fara raguwa bayan kamfani ya sayar da motoci 200,000 a ƙasar. Tesla ya kai wannan adadi a Yulin 2018. Daga 1 ga Janairu, 2019 rangwamen ya koma dala 3,750, a Yuli ya koma 1,875, a ƙarshen shekarar ya ƙare. Ranar karɓar mota ake dubawa, ranar rajista ba ta da tasiri. Saboda haka waɗanda suka sayi mai tsada a 2018 sun kwashe cikakken rangwame, masu jiran mai araha kuwa rabi suka tarar.

Sauran abubuwan da ke tsayar da mota

Matsalar masana'anta ɗaya ce daga cikin dalilan jinkiri. Akwai wasu huɗu da suka sha maimaituwa a 'yan shekarun nan.

Na farko shi ne batir, wanda shi ne sashe mafi tsada a motar lantarki. Ma'adinansa daga wurare ƙalilan suke fitowa: kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, Indunusiya ce kan gaba a nikel, ƙasar Sin kuma ita ke tace mafi yawansu tare da ƙera mafi yawan ƙwayoyin batir. A watan Nuwamban 2022 farashin tan ɗaya na sinadarin litiyom a ƙasar Sin ya kusa yuwan 600,000, ya ninka na farkon 2021 fiye da sau goma, kafin ya faɗo a shekarar da ta biyo baya. Bayan tsada akwai batun lafiya. A Fabrairun 2023 batirin wata motar ɗaukar kaya ƙirar F-150 Lightning ya kama da wuta a filin ajiyar kamfanin Ford da ke jihar Michigan, lamarin da ya sa aka dakatar da ƙerawa da aikawa har kusan mako biyar.

Na biyu shi ne ƙananan sassan da ba a cika tunawa da su ba. Motar zamani na ɗauke da ɗaruruwan mitsi-mitsin ƙwaƙwalen lantarki masu sarrafa birki, fitilu, gilasai da caji, kuma rashin guda ɗaya ya isa ya hana mota fita. Annobar korona ta rikita samar da su tun 2020. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya rufe masana'antunsu a birnin Austin na jihar Texas, wata guda bayan haka gobara ta tashi a masana'antar kamfanin Renesas a Japan, wanda ke cikin manyan masu samar wa motoci irin waɗannan sassa. Haka kuma da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, masana'antun da ke haɗa damin wayoyin mota a yammacin ƙasar sun tsaya, kuma cikin kwanaki Volkswagen ya dakatar da aiki a Zwickau, babbar masana'antarsa ta motocin lantarki a Jamus.

Na uku shi ne manhaja. Volkswagen ya fara ƙera ID.3 a Nuwamban 2019, amma dubban motocin da aka gama sun zauna a filin ajiya saboda manhajarsu ba ta kammala ba. Sai a Satumban 2020 aka fara miƙa su, kuma ko a lokacin akwai ayyukan da ba su fara ba sai da aka sabunta manhajar daga baya.

Na huɗu shi ne teku. A ranar 16 ga Fabrairu, 2022, jirgin ruwan dakon motoci Felicity Ace ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores a Tekun Atlantika, ɗauke da motoci kusan 4,000 na rukunin Volkswagen daga Jamus zuwa Amurka, ya kuma nutse a ranar 1 ga Maris. Masu odar waɗannan motoci sai da aka sake ƙera musu wasu. Bayan da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin jiragen ruwa sun ƙaurace wa mashigin Suez suna zagayawa ta kudancin Afirka, abin da ke ƙara wa tafiya kwana goma ko fiye. Saboda ƙarancin sassan da hakan ya jawo, Tesla ya dakatar da mafi yawan aiki a masana'antarsa ta kusa da Berlin daga 29 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, 2024.

Farashi ba ya jiran mai jira

Alƙawari kaya ne, amma idan ba a rubuta shi da sharaɗi ba, kamfani na iya sauke shi duk lokacin da ya yi masa nauyi. A Nuwamban 2019 Tesla ya nuna motar ɗaukar kaya Cybertruck, ya ce za ta fara daga dala 39,900 kuma za a soma ƙera ta a ƙarshen 2021. An miƙa ta farko a ranar 30 ga Nuwamba, 2023. Mafi araha da aka sanar a ranar dala 60,990 ce, ita ma sai nan gaba, waɗanda ake iya samu kuwa sun fara daga kusan dala 80,000. Motar tsere Roadster da kamfanin ya nuna a Nuwamban 2017 an karɓi kafin alƙalamin dala 50,000 a kanta da alƙawarin fitowa a 2020, amma shekara bakwai bayan nuna ta ba a miƙa ko guda ba.

Wani lokaci ƙorafin masu saye na tasiri. A ranar 1 ga Maris, 2022, kamfanin Rivian ya ƙara farashin motocinsa da kusan kashi 20 cikin 100, har da na waɗanda suka daɗe da yin rajista. Jama'a suka yi ta soke odarsu. Bayan kwana biyu shugaban kamfanin, RJ Scaringe, ya ba da haƙuri, ya mayar wa tsofaffin masu rajista farashinsu na asali.

Akwai kuma inda kafin alƙalamin ke ɗaure mai saye. Da kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya fito da YU7 a ranar 26 ga Yuni, 2025, ya sanar da samun tabbatacciyar oda 240,000 cikin sa'o'i 18. Masu saye da dama sai bayan sun tabbatar da odarsu suka ga cewa jiran zai iya zarce shekara guda, alhali yuwan 5,000 da suka biya ba a mayarwa da zarar an tabbatar.

Mafi muni shi ne kamfani ya mutu ana cikin jira. Kamfanin Fisker na Amurka ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Yunin 2024. A irin wannan hali mai kafin alƙalami yakan shiga sahun masu bin bashi, bayan bankunan da ke riƙe da jingina. Waɗanda suka riga suka karɓi motar ma ba su tsira ba, domin sun shiga neman kayan gyara da wanda zai ci gaba da kula da manhajarta.

Yadda abin ke shafar mai oda daga Najeriya

An taɓa haɗa motar lantarki a cikin gida: kamfanin Stallion ya haɗa Hyundai Kona a Legas a 2020, kuma a 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki. Duk da haka, mafi yawan waɗanda ke kan titi shigo da su ake yi, galibi ta hannun dillali. Wannan na nufin mai saye yana da layi biyu a gabansa: na masana'anta, sannan na jirgin ruwa da tashar Legas da kwastam. Tafiyar jirgi daga ƙasar Sin kaɗai ta wuce wata guda, kuma saboda batirin litiyom na cikin kayan da dokar teku ta ɗauka masu haɗari, ana buƙatar ƙarin takardu kafin a loda.

Babban haɗarin da mai jira a nan yake fuskanta shi ne canjin kuɗi. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya yi cinikin mota a kan dala 30,000 a Mayun 2023, ya biya 3,000, saura 27,000 sai mota ta iso. A lokacin dala na kusan naira 750 a kasuwar bayan fage, don haka ragowar ta kama naira miliyan 20 da dubu 250. Idan motar ta makara zuwa Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, ragowar ta zama aƙalla naira miliyan 40 da rabi. Dillali bai ƙara ko dala ɗaya ba, amma bashin ya ninka. Kuɗin fito ma da farashin dala ake lissafa shi, don haka shi ma yana tashi. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ko na ƙungiyar adashen ofis domin biyan kafin alƙalami kuwa, ana cirar masa daga albashi yana kuma ci gaba da sayen fetur a tsohuwar motarsa.

Abin da ya kamata a rubuta kafin a biya

'Yan kasuwarmu ba baƙi ba ne ga biyan kuɗi kafin kaya. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa wa cinikin salam sharuɗɗa, daga ciki har da sanin sifar kaya da adadinsu da wa'adin kawo su. Hikimar ita ce kauce wa cinikin biri a sama, kuma ta dace da motar lantarki ƙwarai.

Da farko a tambaya ko motar tana nan a ƙere. Kowace mota da aka gama tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Idan dillali ya kasa ba da ita, mai yiwuwa motar ba ta fito daga masana'anta ba tukuna. Idan ya ce tana kan teku, a nemi kwafin takardar lodin jirgi mai ɗauke da sunan jirgin da wannan lamba, domin ana iya bin sawun jirgi ta intanet.

Sannan a rubuta farashi da irin kuɗin da za a biya, dala ko naira, da wanda zai ɗauki bambanci idan canji ko kuɗin fito ya tashi. A rubuta rana ta ƙarshe wadda idan ta wuce mai saye na da ikon fasawa, da adadin kwanakin da za a mayar masa da kuɗinsa a ciki. A raba biya gida-gida, kashi mafi girma ya kasance bayan an ga mota. A fayyace girman batir da shekarar ƙira, kada a kawo wani samfuri a ce shi ne ya samu. A kuma duba irin bakin cajin motar, domin wadda aka ƙera wa kasuwar cikin gidan Sin bakinta ya bambanta da na Turai, kuma wani lokaci manhajarta da harshen Sinanci take zuwa.

Ranar da mota ta iso ma akwai sauran aiki. Motar da ta yi watanni a ajiye a tasha ƙaramin batirinta na iya mutuwa, babban kuma yana lalacewa idan aka bar shi ya zauna babu caji na dogon lokaci, musamman a wuri mai zafi. A nemi a gwada lafiyar batirin a gaban mai saye, a tabbatar garantin zai fara ƙirgawa daga ranar karɓa, a kuma san garejin da zai yi gyara idan an samu matsala.

Yawancin waɗanda suka jira Model 3 sun karɓi motarsu daga ƙarshe, har ta zama ɗaya daga cikin motocin lantarki da aka fi saye a duniya. Masu jiran Fisker da dama kuwa jiran gawon shanu suka yi. A ranar rajista babu wanda ya isa ya tabbatar da ɓangaren da zai faɗa. Abin da ke hannun mai saye shi ne yawan kuɗin da ya yarda ya ajiye, ƙarfin kamfanin da ya ba wa, da abin da takarda ta ce zai faru idan wa'adi ya wuce. Wanda sana'arsa ko zuwa aikinsa ya dogara da mota, ya fi masa alheri ya sayi wadda ke tsaye a gabansa ya ga lambarta ya tuƙa ta, ko da ta ɗan fi tsada, kuma kada ya sayar da tsohuwar sai makullin sabuwar ya shiga hannunsa.